Jirgin katako a bakin Komadugu: in an bar shi tudu, mutuwa yake yi

Yebi ƙauye ne na gundumar Boso, cikin jihar Difa, can kusa da inda gulbin Komadugu yake ƙarasa tafiyarsa ya shiga Tabkin Cadi. Daga birnin Difa zuwa Boso tafiyar wajen kilometir 100 ce, daga Yamai zuwa Difa kuwa ta fi kilometir 1.300. Wanda ya ɗauka gabashin ƙasarmu yashi ne da raƙuma kaɗai, in ya zo kwarin nan cikin watan Nuwamba zai sha mamaki. Ruwa ya cika fadamu, bado ya buɗe, tsuntsaye sun rufe gaɓa, kuma abin hawan da ya fi kowane daraja a lokacin shi ne jirgin katako. Da shi ake su, da shi ake fito, da shi ake kai tattasai da banda kasuwa, da shi ake ɗauko marar lafiya daga ƙetare.

To amma jirgin katako yana da wata ɗabi'a wadda kowane mai jirgi ya sani. Ba aiki ke kashe shi ba, zaman tudu ke kashe shi. Jiragen yankin Boso kuwa sun yi zaman tudu na shekaru, ba da son masu su ba. Shi ya sa muka ga ya kamata mu duba, tare da masu karatu, yadda ake raya tsohon jirgi, da abin da ake gani in an bi gaɓa da shi, da kuma abin da ƙasa za ta yi hasara in sana'ar ta ɓace.

Gulbi mai zuwa da komawa

Ruwan da ke wucewa gaban Difa ba ruwan samanmu ba ne. A nan abin da ake samu a shekara bai cika wuce milimetir 300 ba. Komadugu daga Najeriya yake tasowa. Gulbin Haɗeja yana kwaso ruwan ƙasar Kano, gulbin Jama'are yana gangarowa daga tsaunukan Jos, su haɗu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, su bi ta Gashuwa da Gaidam. Kusa da Damasak sai Komadugu Gana ya zubo cikinsa. A tsawon wajen kilometir 150 na ƙarshe, gulbin shi ne iyakar Nijar da Najeriya, har bakin tabki tsakanin Boso da Malam Fatori.

Da yake hanyar tana da nisa, kuma fadamu suna riƙe ruwan, ba ya isowa da wuri. Wajen watan Yuli ake ganin kansa a Difa, ba ya kai ƙarshen cikarsa sai damina ta ɗauke, tsakanin Oktoba da Disamba. Daga nan sai ya dinga ja da baya, har bazara ta same shi ya tsinke, ya bar gurabe nan da can cikin yashi. Ma'aikatan ruwa suna auna hawansa da saukarsa a tashar Bagara, kusa da Difa. Madatsun ruwa biyu da aka gina a jihar Kano, na Tiga a 1974 da na Callawa a 1992, sun canza tafiyarsa ƙwarai. Duk da haka wasu shekarun ya kan fi ƙarfin gaɓarsa, kamar yadda aka gani a 2012, da 2019, da 2022, lokacin da ya cinye gonaki da gidaje.

Tabkin da yake zuba ciki shi ma ba ya tsayawa wuri guda. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilometir 25.000. Farin 1973 ya raba shi biyu, kwarin kudu da kwarin arewa, kuma rabon Nijar yana cikin na arewa, wanda ya ƙafe ƙaf a wasu shekarun 1980. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da gulabe ke kawo wa tabkin daga Shari da Logon yake fitowa, saboda haka kwarinmu ba ya cika sai na kudu ya ƙoshi ya tumbatso. Mai jirgi a Yebi yana zaune ne tsakanin ruwa biyu masu zuwa da komawa. Kowace shekara akwai watannin da jirginsa ba shi da inda zai yi iyo.

Jirgi ya daɗe a kwarin nan

A 1987 wani makiyayi Bafillace yana haƙar rijiya a Dufuna, kusa da Komadugu Gana cikin jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da icce a zurfin wajen metir 5. Da masana na jami'ar Maiduguri da ta Farankfut ta Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon metir 8 da ƴan kai, an sassaƙe shi daga gungume guda. Awo ya nuna shekarunsa sun kai wajen 8.000. Shi ne jirgi mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, yana kuma cikin mafiya tsufa a duniya. An ajiye shi a Damaturu. Ruwan da ya ɗauki wannan jirgi shi ne yake biyowa ta gaban Geskeru da Boso.

Kowace al'umma ta kwarin da irin dabararta. Mutanen bakin gulbi, Mobar da Manga, sun saba da manyan goruna: mutum ya kwanta bisa gora ya bi kifi, ko a ɗaure goruna da sanduna a ƙetarar da kaya. Buduma na tsibirai suna ɗaure wata doguwar ciyawar ruwa, wadda Turawa ke kira fafirus, dami bisa dami, su yi jirgi mai ɗagaggen hanci da suke kira kadai. Ba shi da ƙusa, ba ya yoyo, sai dai bayan ƴan watanni ya kan sha ruwa ya yi nauyi, a yar da shi a ɗaura sabo. Gwanintarsu ta kai har wani mai bincike ɗan ƙasar Norwe, Thor Heyerdahl, ya ɗauki magina daga Bol ta ƙasar Cadi a 1969, suka ɗaura masa babban jirgin ciyawa a Masar, wanda ya shiga tekun Atlantika da shi.

Akwai kuma jirgin da ya zo bisa raƙumi. Ayarin Heinrich Barth ya ƙetaro Sahara daga Tarabulus da jirgin katako a yanke gunduwa-gunduwa. Aka harhaɗa shi kusa da Kukawa a 1851, abokin tafiyarsa Adolf Overweg ya zagaya tsibiran Buduma da shi makonni da dama. A shekarar ce kuma Barth, yana bin gaɓar arewa wajen N'Gigmi, ya ga garken giwaye da aka ƙirga 96.

Jirgin da muke gani yau, na falankin katako da ƙusa, ya bazu ne daga shekarun 1960, tare da tarun nailan da masuntan da suka yi ta zuwa daga Kabi, da Haɗeja, da ƙasar Jukun, har da Mali. Ya fi kadai ɗaukar kaya, ya fi shi daɗewa, kuma ana iya ɗaura masa inji. Amma ya zo da nasa sharaɗi. Kadai a bakin ruwa ake yanko kayansa kyauta. Katako kuwa daga dazuzzukan kudu yake zuwa, ta kasuwannin Najeriya, da kuɗin naira.

Abin da ake gani daga cikin jirgi

Wanda ya taɓa bin gulbin da asuba cikin watan Disamba ba ya mantawa. Inda ruwa ba zurfi da gwangwala ake tura jirgi, inda ya yi zurfi a koma ga filafili. Gaɓa tana da goruba, da tsamiya, da kanya, da bagaruwa, da giyayya wadda ba ta ƙin tsayawa cikin ruwa. Bayan itatuwan ga gonakin tattasai jajur, ga shinkafa, ga ƙarar injin ban ruwa.

Jirgin da ba inji shi ne mafi kyawun wurin kallon tsuntsu, domin tsuntsun ruwa ya saba da masunci, ba ya gudunsa kamar yadda yake gudun mai tafiya ƙasa. Zalɓe yana tsaye ƙyam cikin ruwa yana jiran kifi. Balbela tana bin shanu. Jinjimi yana caccakar laka. Zakaran ƙeƙuwa shi ne mai tonon asiri, da ya ga baƙo sai ya tashi da kuka ya sanar da kowa. Kirinjijiya garke-garke take tashi da fito irin nata, dinya kuwa nauyinta ya sa sai ta yi gudu bisa ruwa kafin ta ɗaga. Can wajen tabki, inda kifi ya taru, ana samun kwasakwasa da borin tinke. A rassan da suka sunkuyo bisa ruwa tsari ya kan kwanta shan rana.

Daga Oktoba zuwa Maris ana samun baƙi. Ƙananan agwagin daji da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna barin Turai da arewacin Rasha in sanyi ya kama, su ƙetare teku da Sahara, su sauka a kwarin Cadi. Bayan dubban kilometir na hamada, fadamun nan suna cikin ruwan farko da suke samu. Wannan yana cikin dalilan da suka sa a 2001 aka rubuta ɓangaren Nijar na tabkin, hekta 340.000 da ɗoriya, cikin jerin dausayi masu daraja na duniya bisa yarjejeniyar Ramsar.

Da an fita bakin gulbi aka shiga tabki, tafiya ta zama ta bin gaɓa da ratsa tsibirai. A nan ake haɗuwa da shanun Kuri, farare masu kumburarrun ƙahoni, suna iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan neman ciyawa. A nan kuma mai jirgi yake taka-tsantsan da dorina, musamman mai ɗa, wadda take iya kifar da jirgi da kayansa. Akwai wata matsala da kakanni ba su sani ba. Lokacin da kwarin ya ƙafe, wani icce mai ƙaya da ake kira forosofis, wanda aka kawo don tsayar da yashi, ya mamaye gindin tabkin ya zama kurmi. Da ruwa ya komo sai ya bar kututture a ɓoye, masu yaga taru da huda gindin jirgi. Hanyoyin da ke cikin kurmin nan ba su cikin taswira. A kan masu jirgi suke, kuma kowace shekara sai an sake koyonsu.

Masunci ya riga kowa sanin canjin ruwa. Tsofaffi suna ba da labarin lokacin da giwan ruwa da kawara suka yi yawa. Bayan farin 1973 ruwa ya zama na fadama, kifin da ke jure ƙarancin iska ya karɓi wuri: tarwaɗa, da karfasa, da bargi, da gaiwa. Su ne kuma sukan fara faɗin cewa gauraka, wadda a da ake jin kukanta kowace fadama, ta yi wuyar gani.

Shekarun da jirage suka kwana tudu

Ran 6 ga Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. Aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka hana hawan babur, aka hana cinikin kifi da na tattasai, don toshe wa ƴan ta'adda hanyar samun kuɗi. Bayan harin tsibirin Karamga na 25 ga Afrilu 2015, mahukunta suka umarci mutanen tsibirai su fito tudu. Dubban mutane suka taho N'Gigmi da Boso, da yawa suka yada zango a Yebi. A watan Mayu 2016 aka kai wa Yebi kanta hari, aka kashe mutane, aka ƙone gidaje. Ran 3 ga Yuni aka faɗa wa Boso, mutum wajen 50.000 suka watse zuwa Tumur da bakin babbar hanya.

Mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar jirgi a ka. Wasu jiragen an ƙone su, wasu an sace, mafi yawa an bar su inda suke. An sake buɗe cinikin tattasai a Oktoba 2017, aka ɗage hanin su a Maris 2019, sa'an nan a Yuni 2021 aka fara maida mutane garuruwansu, aka soma da Baruwa. Amma shekara huɗu ta rana da gara ba wasa ba ce. Wanda ya komo ya tarar da jirginsa, sau da yawa abin da ya tarar shi ne haƙarƙari da ƙusoshi masu tsatsa.

Sayen sabo kuwa ba kowa ke iyawa ba. Mutumin da ya yi shekaru a zangon gudun hijira jarinsa ya ƙare. Ga shi an rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, kuma kowace rufewa sai katako da ƙusa su yi wuyar samu. Wanda ba shi da jirgi dole ya shiga hannun mai jari, ya karɓi jirgi da taru bashi, ya riƙa biya da kifinsa a farashin da mai jarin ya yanke. Wannan shi ne dalilin da ya sa gyaran tsohon jirgi ya wuce maganar kafinta, ya zama maganar ƴancin talaka.

Yadda ake jinyar tsohon jirgi

Sai a fara da sanin halin katako. Ko an yanke shi an fere shi, bai daina shan ruwa da fitar da shi ba. In ya jiƙa sai ya kumbura ta faɗinsa, in ya bushe sai ya tsuke, tsawonsa kuwa ba ya canzawa sai kaɗan. Cikin ruwa falanki yana matse ɗan'uwansa, kafar da ke tsakaninsu ta rufe. A tudu, da zafin Afrilu da Mayu wanda ya kan wuce digiri 40, kowane falanki sai ya ja jikinsa, kafa ta buɗe har a hangi haske, ƙusa ta yi sako-sako, bakin katako ya tsage.

Ruɓa kuma tana da wurin da take so. Ba ta cika kama katakon da ke nutse kullum ba, ba ta kama busasshe. Tana kama wanda ke jiƙa yana bushewa: layin da ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, da lungun haƙarƙari inda laka da ƙayar kifi suke taruwa. Jirgin Dufuna ya kai shekara 8.000 ne domin yana binne cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa inda iska ba ta shiga.

Saboda haka aikin farko na rani shi ne ajiya. Wanda ke kusa da gurbin da ba ya ƙafewa, ya fi masa ya bar jirgin cikin ruwa, ko ya nutsar da shi da buhunan yashi. Wanda dole ya fitar da shi, ya wanke shi sarai, ya ɗora shi bisa guntayen icce ko tsofaffin tayoyi don kada ya taɓa ƙasa, ya sa shi a inuwa ko ya rufe shi da zana, ya riƙa yayyafa masa ruwa. Kowane mako a duba ƙarƙashinsa. Gara ba ta sallama, kuma cikin kwana kaɗan take gina hanyarta.

Kafin ruwa ya iso sai a yi bincike. Ana bin jirgin falanki-falanki ana ƙwanƙwasawa da guduma. Lafiyayyen katako yana amsawa da ƙarfi, ruɓaɓɓe kuwa muryarsa a dushe take. Inda aka yi shakka a soka tsinin wuƙa. In ta shige ba wuya, wurin ya mutu, kuma kwalta ba ta tada matacce. Kuskuren da aka fi yi shi ne a liƙa gwangwani bisa ruɓa a ce an gyara. Ruɓar tana nan tana ci a ƙarƙashi, ranar da aka yi lodi mai nauyi a tsakiyar ruwa ita ce ranar da za ta bayyana. Abin da ya dace shi ne a yanke wurin har a kai ga lafiyayyen katako, a sa mahaɗin ya faɗa bisa haƙarƙari, a kawo sabon falanki mai kauri ɗaya da tsohon. In wurin mai lanƙwasa ne, a jiƙa falankin, a ɗan gasa shi, a tanƙwara shi sannu-sannu.

Ƙusa ma tana da ƙa'ida. A busasshen katako sai an huda ƙaramin rami kafin a buga ta, in ba haka ba ta tsaga shi. In ta fito ta ciki a lanƙwashe bakinta ya koma cikin icce. Tsohuwar ƙusa mai tsatsa a cire ta, a toshe raminta da ɗan tsinken icce, a buga sabuwa a gefe. Wanda yake da hali ya nemi irin ƙusar da ba ta tsatsa da wuri, ko da ta fi tsada.

Sa'an nan a zo ga toshe kafa. Ana murza auduga ko tsumma kamar igiya, a tsoma cikin narkakkiyar kwalta, a cusa tsakanin falanki da falanki da ƙarfe marar kaifi. A nan ake gane gwani. In an cusa kaɗan jirgi ya yi yoyo. In an danna da yawa, ranar da katako ya sha ruwa ya kumbura ba shi da wurin zuwa, sai ya fizge ƙusoshinsa. Bayan haka a shafe da kwalta, a rufe mahaɗin da siririn gwangwani, a bi shi da ƙananan ƙusoshi kusa da kusa. Masu shafa baƙin man inji don korar gara su yi shi nesa da gaɓa, su bari ya bushe, domin man da ya malala cikin gurbi yana kashe ƴaƴan kifi.

Jirgin da aka gama gyara ba a yi masa lodi ran nan. A sa shi a ruwa marar zurfi kwana biyu ko uku, ya sha ya ƙoshi, a kwarfe, a ga inda ya rage. Mai inji ya ƙara duba katakon baya inda injin ke zama, gama girgiza tana sassauta ƙusa a can fiye da ko'ina.

Akwai kuma ƙa'idodin da ba su cin ko dala. Kada a ja jirgi da kaya bisa yashi. Kada a kwana da ruwa a cikinsa. A yi alama a jikinsa inda lodi ba zai wuce ba, a tsaya a kanta ko fasinja sun yi magiya, musamman ranar kasuwa. Tabkin ba shi da zurfi, amma in iskar hunturu ta taso da hantsi igiyar ruwansa gajeruwa ce mai duka, jirgin da aka cika har baki ba ya jure ta. A ajiye ƙwaryar kwarfa biyu. Inda ba rigar ruwa, jarkar da ba kome a ciki, mai murfi a ɗaure, ta ceci rai ba sau ɗaya ba.

Abin da ya rataya a wuyan kowa

Jirgi in ya mutu ana iya ƙera wani, in akwai kuɗi. Abin da kuɗi ba ya saye shi ne sanin da ke tafiya tare da shi. Yaron da aka fitar daga tsibiri yana ɗan shekara goma a 2015, yau magidanci ne, kuma shekarun da ya kamata ya yi a bayan mahaifinsa yana riƙe da gwangwala a zangon gudun hijira ya yi su. Kafintocin jirgi wasu sun rasu, wasu sun koma yin ƙofa da benci a Difa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ba a haɗa tsofaffin nan da matasa yanzu ba, nan gaba za a nemi mai koyarwa a rasa.

Ga magabatan ƙananan hukumomi na bakin gulbi, aikin farko shi ne ƙidaya: jirage nawa ke aiki, nawa ke gyaruwa, kafinta nawa suka rage. Rubuta jirgi da ba shi lamba yana taimakon tsaro, yana kuma kare mai shi daga zargi. Masu kawo taimako su tuna cewa kuɗin sabon jirgi guda yana iya tada tsofaffi da dama, kuma kuɗin gyara a hannun kafintan gari yake zama. Ƙungiyoyin gama kai na masunta suna iya haɗa kuɗi su sayo katako da kwalta a dunƙule tun rani, kafin kowa ya ruga kasuwa lokaci guda. Maganar ruwan gulbin kuwa, da yake daga wata ƙasa yake zuwa, wurinta shi ne Hukumar Tabkin Cadi, wadda Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi suka kafa ran 22 ga Mayu 1964.

Ga ma'aikatan gandun daji, mai jirgi abokin aiki ne. Kowane watan Janairu ƙasashe da yawa suna ƙirga tsuntsayen ruwa, aikin da aka soma tun 1967. Ma'aikaci yana zuwa kwana ɗaya ko biyu, inda hali ya bari. Masunci kuwa yana kan ruwa kullum. Dokar farauta da kare namun daji ta 29 ga Afrilu 1998 ba za ta yi aiki a tsibiri ba sai mutanen tsibirin sun yarda da ita, kuma mutum ya fi kare abin da aka tambaye shi labarinsa.

Ga ɗan'uwa da ya yi yaƙi da jahilci ya iya karatu da rubutu, ga aikin da ya dace da kai. Nemi ɗan littafi ka ajiye. Rubuta ranar da ruwa ya iso garinku da ranar da ya tsinke. Rubuta ranar da ka fara ganin agwagin baƙi, da inda ka ga gauraka ko dorina, da yawansu. In an kama tsuntsu mai zobe a ƙafa, kwafi lambar da ke jiki ka kai wa ma'aikatan gandun daji, domin ita ke faɗin ƙasar da ya fito. Rubuta kuma ranar da aka sake wa jirginku falanki da abin da aka kashe. Bayan shekara biyar littafin nan zai gaya maka abin da babu ofishin da ya sani.

Muna tunatar da masu karatu cewa shiga gulbi da tabki a yankin Boso magana ce ta tsaro. Kada kowa ya tashi don sha'awar kallo ba tare da izinin hukuma da sanin mutanen gari ba. Ranar da baƙo zai zo Yebi ya hau jirgi da asuba don ya ga kirinjijiya, ranar tana tafe in zaman lafiya ya zauna. Amma in ta zo, sai ta tarar da jirgi mai rai da wanda ya san hanya. Ruwa zai iso wajen watan Yuli kamar yadda ya saba. Mai tsohon jirgi a bayan ɗaki ya ɗauki gudumarsa tun yau ya ƙwanƙwasa, ya ji abin da katakon zai ce masa.